Eka Biyar ta Baffa: Yadda Awo Uku Suka Mai da Manoman Wani Ƙauye a Akko Masu Taurin Bashi

Wasiƙar da masu ba da bashin noma suka aiko wa ƙungiyar manoman ƙauyenmu shafi ɗaya ce, kuma duk abin da ke cikinta ya rataya ne a kan lambobi uku: hekta 118, buhu 26, milimita 171. Fassararta a taƙaice ita ce: kun noma hekta 118 na masara, kowace hekta ta ba da buhu 26, ruwan Agusta ya kai milimita 171, don haka ba a yi fari ba, inshora ba za ta biya ko sisi ba. Ku kawo buhu 1,062 da ake binku kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba sunan ƙungiyarku ya shiga jerin masu taurin bashi.

Baffana ne shugaban ƙungiyar, a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Akko, tsakanin Kumo da Pindiga. Ya kira ni ina Gombe, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce: "Kai da aka ce ka karanci lissafi, zo ka duba mana. Ko su ne ba su iya ƙirga ba, ko mu ne muka zauce. Masarar da suke faɗa dai ba ta shiga rumbun kowa ba." Na tafi da niyyar kwana biyu, sai da na yi mako uku.

Yarjejeniyar

Manoma 64 ne suka karɓi kayan noma bashi. Kowace hekta an ba ta iri, maganin ciyawa, kamfa buhu 4 da yuriya buhu 2, a biya da masara buhu 9 idan kaka ta yi. Masu ba da bashin ba da ka suka yanka wannan tara ɗin ba. Suna da tsarin lissafi a kwamfuta wanda ya ɗauka cewa ingantaccen iri da wannan taki za su ba da buhu 30 a hekta, kuma ƙa'idarsu ita ce kada bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ake sa ran girbewa. Tara cikin talatin kashi 30 ne cikin ɗari. A takarda, lissafi ne na mai hankali.

An kuma ɗora inshorar ruwan sama, kashi 5 cikin ɗari na darajar bashin. Irin wannan inshora ba ta aiko mutum ya duba gonarka. Ma'auni take bi: an raba damina gida uku, shuka, girma da goyo, kowane gida da iyakarsa. Idan ruwan da aka auna ya gaza iyakar, a biya kowa. Idan ya haura, ba a biyan kowa, ko da gonarka ta ƙone ƙurmus. Dabarar ba sabuwa ba ce. An fara gwada ta a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2003, aka kai ta Malawi wajen manoman gyaɗa a 2005, daga baya kuma Kenya da Habasha. Abin da ya sa ake sonta a fili yake: kuɗin aika jami'i ya zaga ƙananan gonaki dubu ya fi abin da manoman za su iya biya.

Iyakar gidan goyo, wato daga 1 zuwa 31 ga Agusta, milimita 140 ce. A taron da aka yi ƙofar gidan Jauro kafin damina, abin da mutane suka ji shi ne "in ruwa ya yi ƙaranci za a sauke muku bashi". Liman ya yi tambayoyinsa a kan riba da kuma sayen abin da ba a san tabbacinsa ba, aka ba shi amsa, ya gamsu. Milimita 140 kuwa ba wanda ya tambaya, domin ba wanda ya san nawa ce a ƙasa.

Gona

Na fara da abin da ƙafa za ta iya tabbatarwa. Ni da sakataren ƙungiya muka sa manhajar awon fili a waya, muka riƙa bin iyakar kowace gona tare da mai ita. GPS ta waya takan kauce da 'yan mitoci, abin da ke da tasiri a ƙaramin fili, shi ya sa duk gonar da ba ta kai rabin hekta ba muka zaga ta sau biyu muka ɗauki tsaka-tsaki.

Gonar Baffa muka fara yi, don kada a ce shugaba ya ɓoye tasa. A fom an rubuta hekta 2. Waya ta ce 1.3.

"Wayarka ba ta da lafiya," in ji shi. "Eka biyar ce tun mahaifina yana raye."

Kuma gaskiya ya faɗa, ta wani ɓangaren. Eka biyar sunan gonar ne, ba girmanta ba. Tun bayan rasuwar kakanmu aka yanki gefe aka ba Goggo nata gadon, kwari ya cinye wani gefen ta gabas, amma sunan bai ragu ba. Yaron da ya cike fom ya ji eka biyar, ya raba da biyu da rabi kamar yadda aka koya masa (hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kimanin 4,047), ya rubuta hekta 2. Rabawar daidai ce, abin da aka raba ne ba daidai ba. Mai tarakta ma da ido yake yanke eka, kuma ba shi da wani dalilin da zai sa ya rage wa kansa kuɗin aiki, don haka duk shekara yana ƙara tabbatar wa Baffa cewa biyar ce.

Wannan ba halin mutanen Akko ba ne kawai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, tana bin wasu gidaje da tambayoyi tun daga 2010, kuma a wannan binciken ana tambayar manomi girman gonarsa sannan a auna da GPS. Abin da aka riƙa gani a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka da aka yi irin wannan aiki shi ne masu ƙananan gonaki suna ƙara wa nasu girma, masu manya suna ragewa, kowa kuma yana son lamba mai daɗin faɗa: ɗaya, biyu, biyar. A fom ɗinmu 64 ban ga wanda ya ce eka uku da kwata ba.

Akwai abin dariya a nan ga mai bin tarihi. A zamanin Turawa, a ƙasar Kano, akwai malaman taki masu auna gona da ƙafa don a yanka haraji, kuma a lokacin dabarar talaka ita ce gonarsa ta ƙanƙance. Yanzu da awon ya koma na rabon taki, gonar ce ke kumbura. Ma'auni bai taɓa zama ɗan ba-ruwana ba; mutum yakan duba abin da za a yi da amsar kafin ya bayar.

Ba kowa ne ya yi kuskure irin na Baffa ba. Wasu sun sani sarai. Wani matashi da ya rubuta hekta 3 alhali tasa ba ta kai ɗaya da rabi ba ya ce mini ba tare da wata kunya ba: "Yaya, taki ake rabawa da hekta. Ina da dawa, ina da shinkafa a fadama, su ba sa cin taki ne?" Da muka gama, jimillar ta tsaya a hekta 79. Hekta 39 babu su a doron ƙasa, amma an karɓi takinsu, buhu 234. Wani ya shiga dawa, wani ya shiga shinkafa, wani kuma ya hau mota ya koma kasuwa.

Ruwa

A nan na fi daɗewa, domin a nan kowa ya tabbata an cuce shi. Ni ma da wannan tunanin na zo: tauraron ɗan'adam da ya ba da milimita 171 ɗin ya yi ƙarya, sai in nemo hujja.

Ya kamata a san yadda ake samo lambar. Taurari irin su Meteosat suna tsaye ne a sama, nisan kusan kilomita 36,000, kuma ba ruwa suke gani ba. Sanyin saman gajimare suke aunawa. Hadari mai ruwa yakan yi tsiri zuwa sama sosai, samansa ya yi sanyi ƙwarai, sai a ƙirga awa nawa irin wannan gajimare ya yi a kan wuri, a juya awannin zuwa milimita ta hanyar gwada su da abin da tashoshin ƙasa suka auna. Fitattun rumbunan bayanai na wannan aiki biyu ne a Afirka: CHIRPS na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya faro daga 1981, da TAMSAT na jami'ar Reading a Ingila, daga 1983. Sukan yanka ƙasa gida-gida kamar dara. Gidan CHIRPS ɗaya ya kai kusan kilomita biyar da rabi a kowane gefe, wato wajen hekta 3,000, kuma lamba ɗaya tak ake ba duk gidan. Duk wanda ya taɓa ganin ruwa ya jiƙa Kumo ya bar Tumu a bushe ya san abin da wannan ke nufi.

Sai Allah ya haɗa ni da wani malamin firamare a ƙauyen, wanda wani tsohon shiri ya bar wa ma'aunin ruwan sama a harabar makaranta. Shirin ya daɗe da mutuwa, shi kuwa bai daina ba: kullum da safe sai ya duba, ya rubuta a littafin rajista, ya zubar. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Da na ga littafin sai da gabana ya faɗi don murna, na ce ga shaidar da za ta kayar da tauraro.

Na tara lambobin Agusta sau uku. Milimita 152.

Tauraro ya ce 171, gwangwanin makaranta ya ce 152. Akwai tazara, amma duka biyun sun haura 140. Ko da a ce a tsakiyar gonar Baffa aka kafa ma'aunin, inshora ba za ta biya ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Yana saƙar ne a cikin kwanakin. Daga 1 zuwa 5 ga wata an sami milimita 41. Daga 6 zuwa 22, kwana 17 cur, yayyafi ɗaya aka yi na milimita 4. Daga 23 zuwa ƙarshen wata sama ta ɓalle, milimita 107, yawancinsa a ruwa uku masu ƙarfi da suka bi kwari suka wuce. Jimilla ba ta san wannan labari ba. Kamar a hana mutum abinci kwana goma sha bakwai ne, sannan a ajiye masa tukunya guda a ce ai lissafin wata ya cika.

Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Masara idan ta kai fitar da kai takan sha wajen milimita 5 zuwa 6 a rana. Ƙasar jigawa, irin wadda ta fi yawa a yammacin jihar Gombe, ba ta riƙe ruwa da yawa. Abin da saiwa za ta iya zuƙa daga cikinta yakan ƙare cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Baƙar laka, irin wadda aka san yankin da noman auduga a kanta, takan riƙe ninki biyu ko fiye. Mutanenmu sun yi shuka a tsakiyar Yuni, iri ne mai fitar da kai bayan wajen wata biyu, don haka ɗaukewar ruwan ta faɗa daidai lokacin da masara ba ta yafe ƙishi. Idan ta ji wuya a wannan gaɓa, kan yakan fito ya zubar da garinsa cikin kusan mako guda, gemun kuma ya yi jinkiri. Kafin gemu ya fito garin ya ƙare. Ruwan ƙarshen wata ya mayar da ganye kore shar, mai wucewa a mota ya ga gona kyakkyawa, amma in ka ɓare goyon sai ka ga totuwa kamar bakin tsoho, ƙwaya nan, giɓi can.

Masana aikin gona sun daɗe da sanin cewa a yankinmu jerin kwanakin da ba ruwa sun fi jimilla muhimmanci. Tun 1988 wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Nijar, Sivakumar, ya tsara ƙa'idar faɗuwar damina da har yau ake amfani da ita: a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi kwana fiye da bakwai ba ruwa a cikin kwana talatin da ke biye. Manomi ma haka yake lissafi, ba ya cewa milimita nawa, cewa yake "yau kwana nawa rabonmu da ruwa?"

To me ya sa aka zaɓi jimilla, kuma aka sa iyakar ƙasa haka? Da farko na ɗauka mugunta ce. Da na zauna da alƙalami sai na ga farashi ne ya yanka iyakar. Ana sa kuɗin irin wannan inshora ne ta hanyar komawa baya, a ce shekara 30, a duba sau nawa da an biya kuma nawa. Ka ɗauka manomi ya ba da kashi 5, kashi 2 sun tafi a ɗawainiya da ribar kamfani, saura 3. Uku sau talatin casa'in ne. Ma'ana, a cikin shekara 30 abin da asusun zai iya biya duka bai kai cikakken bashi ɗaya ba: ko a biya kusan duka sau ɗaya, ko a biya kashi 30 sau uku. Inshorar kashi 5 ta babban fari ce, irin na 1973 ko 1984 da tsofaffi ke ba da labari. Ba a gina ta don ɗaukewar ruwa ta tsakiyar damina ba, wadda manomin jigawa kan gamu da ita a kai a kai. Laifin da na gani ba a cikin lissafin yake ba, a ƙofar gidan Jauro yake, inda aka sayar da ƙaramar rumfa da sunan ɗaki.

Amfani

Saura buhu 26. Jami'in masu ba da bashin ya zo a watan Oktoba ya yi abin da ake kira yankan gwaji: a auna fili mita 5 sau 5 a cikin gona, a girbe, a auna nauyi, a ninka sau 400 a sami na hekta. Hanya ce mai asali, masana ƙididdiga na Indiya irin su Mahalanobis da Sukhatme suka kafa ta a shekarun 1940, kuma tun a lokacin suka lura ƙaramin fili yakan kumbura sakamako, domin mai awo yakan ja tsiron da ke bakin igiya zuwa ciki. A fili mai murabba'in mita 25, kuskuren kilo ɗaya buhu huɗu ne a hekta.

Amma babbar matsalar ita ce inda aka yanka. Sharaɗin hanyar shi ne ƙuri'a ta zaɓi gona, ba mutum ba. Jami'in ya zo shi kaɗai a kan babur, da yini ɗaya a hannunsa, ya yi gonaki shida da ke bakin hanya. Gonakin bakin hanya a ƙauyenmu su ne na gangare, masu laka. Ya sami matsakaicin kilo 6.5, ya ninka, ya rubuta buhu 26. Bai ƙara ko ƙwaya ba. Ya dai auna kashi ɗaya cikin uku na ƙasar da ƙishi bai kama sosai ba, aka shafa wa sauran.

Ni da na zo a Disamba ba abin yanka, sai tambaya, kuma tambayar "buhu nawa ka samu?" ba ta da amsa ɗaya. Wanda aka tambaya a gaban mai bin bashi daban, wanda aka tambaya a majalisa daban. Ga kuma abin da ba ya shiga buhu tun asali: wadda aka gasa ɗanya tun Satumba, wadda aka biya 'yan ƙwadago da ita, kwanon maƙwabta, zakka ga wanda ya kai nisabi, ɗaya cikin goma tunda noman ruwan sama ne. Buhun kansa ba ma'auni ba ne. Na ɗora wasu a sikeli, wani kilo 92, wani 108, ya danganta da ɗinki da bushewa. Dole muka shiga sito da rumbu muka ƙirga, muka mai da komai buhu mai kilo 100, sannan muka dawo da abin da ya fita. Ƙanwata ce ta shiga cikin gidaje, domin matan ne suka san ranar da aka fara taɓa sabuwar masara da mudu nawa ake kaiwa niƙa a rana. Lissafinsu ya fi na mazan daidaito nesa ba kusa ba, kuma a fom na asali ba a tambayi mace ko ɗaya komai ba.

Abin da muka samu: hekta 27 na laka sun ba da wajen buhu 24 kowace, hekta 52 na jigawa wajen 13. Jimilla buhu 1,324. Wannan ma ƙiyasi ne, ina iya kaucewa da buhu ɗari ko sama, amma ba da dubu ba.

Da aka haɗa

Kwamfutar masu bashi ta ninka 118 da 26 ta sami buhu 3,068. A idonta mutanen da suka girbe dubu uku suna ƙin ba da dubu ɗaya, kuma duk wanda aka nuna wa wannan zai ce taurin bashi ne. A ƙasa kuwa ana neman 1,062 daga cikin 1,324, kashi 80 cikin ɗari. Baffa mai "hekta 2" ana binsa buhu 18, hekta 1.3 ɗinsa ta jigawa ta ba shi buhu 18 da ɗan ɗori. In ya biya, gidan mutum goma sha ɗaya ya wayi gari da shara a sito.

Na so in raba laifin giɓin buhu 1,744 tsakanin girman gona da yawan amfani, sai na tarar amsar ta danganta da wanda ka fara gyarawa. In ka fara da gona, ita ke ɗaukar 1,014, amfani 730. In ka fara da amfani, shi ke ɗaukar wajen 1,090, gona 654. Haka abin yake duk inda aka ninka lambobi biyu, kuma duk mai son kare ɓangarensa zai zaɓi jerin da ya yi masa daɗi. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne kusan rabi da rabi ne. Rabi daga babur ɗin jami'i, rabi daga bakin mutanenmu.

Wannan rabin na biyu shi ne Baffa bai so ji ba. Da an auna gonakin tun farko, bashin buhu 711 ne, kashi 54 na abin da aka samu. Da nauyi, amma ba mai karya wuya ba. Kuma ko a shekara mai albarka, buhu 30 a hekta, gonar Baffa 39 za ta bayar, bashin 18 ya zama kashi 46, ya riga ya tsallake ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku tun ranar da aka cike fom. Tsarin da aka gina don ya kare shi daga cin bashin da ya fi ƙarfinsa ya amince da shi ne saboda an ciyar da shi lambar da ba ta nan. Na faɗa masa haka a zaure, a hankali, bayan sallar isha'i. Ya yi shiru, can ya ce: "Wato in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Na ce, "Baffa, ni dai ban ce ɓera ba."

Zama a Gombe

Mun je ofishin masu ba da bashin mu huɗu, da taswirar gonaki 64, da hoton shafukan malamin makaranta, da takardar ƙirgar rumbuna. Shugaban sashen, mutum mai natsuwa, ya fi daɗewa a kan littafin ruwan. Ya ce su ma suna mamakin yadda ƙungiyoyi da dama a wannan damina suka zo da kuka iri ɗaya alhali allon kwamfutarsu kore ne, ba alamar fari. Da ya zo kan taswira kuwa sai ya ɗago: "Alhaji, to takin hekta 39 fa?" Baffa ya ce, "Yallaɓai, mun karɓa. Ba mu zo musu a kan wannan ba."

Ina ganin wannan amsa ce ta buɗe ƙofa. Inshora ba ta biya ba, kuma ban ga ta inda za a tilasta ta ba, sharaɗi ya ce 140, ruwa ya haura. Amma an janye barazanar saka suna, aka karɓi rabin bashin a wannan kaka, sauran aka raba shi damina biyu. Masu laka sun biya nasu duka, wasunsu da gunaguni, suna cewa an saka wa masu ƙarin hekta da sassauci. Ban ga laifinsu ba.

Damina ta gaba ba a ba kowa taki ba sai da aka zaga gonarsa da waya, aka kuma ƙara layi ɗaya a fom: jigawa ko laka. Mun roƙi a canja ma'aunin inshorar ya koma ƙirga kwanakin da ba ruwa a jere lokacin goyo. Kamfanin ya koma ya yi lissafinsa ya dawo da farashi: kashi 9. Daidai ne, rumfar da ta fi faɗi ta fi tsada. Mutum 23 suka yarda, sauran suka ce su da Allah suka dogara, wasu kuma suka koma gero da wake a jigawar, abin da iyayensu ke shukawa a wurin tun kafin masara ta zama ta yayi. Ƙungiya ta sayi ma'aunin ruwa guda uku, ta kuma yanke wa malamin makaranta buhu ɗaya duk kaka, ya ƙi karɓa, sai da Jauro ya sa baki.

A watan Yuni Baffa ya sake kirana, wannan karon da hayaniya a bayansa. Mai tarakta ne ya gama kaftu yana neman kuɗin eka biyar, Baffa kuma ya fito da takardar awo yana cewa uku ce da ɗan ɗori, ba zai ƙara ko kwabo ba. Mai taraktan ya karɓi wayar ya ce mini shekara goma sha biyu yana aikin gonar nan, bai taɓa jin ta ragu ba sai da na zo. A kan huɗu suka rabu.